Renon Malaman Wasan Kwaikwayo a Makarantun Jega, Aliero da Maiyama

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Da kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan ilimi, na san abin da mafi yawanku kuke sa ran ji: rufin azuzuwa, kujerun zama, kuɗin jarrabawa da tallafin karatu ga 'ya'yan marasa ƙarfi. Duk waɗannan suna kan hanya, kuma a zauren nan akwai waɗanda suka fi ni sanin lissafinsu. Ni na zaɓi wani ɗan lungu ne da ba a cika leƙawa ba, wato malamin Hausa da ke koyar da littattafan wasan kwaikwayo a makarantunmu na sakandare, da kuma tambayar wane ne ke koya masa yadda zai koyar. Ina roƙon ku yi mini haƙuri ku saurara, domin a ƙarshe akwai abin da zan roƙa a wurinku.

Rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa a makaranta aka haife shi, kuma malamai ne suka karɓi haihuwarsa. A shekarun 1930, Rupert East, wanda ya shugabanci hukumar fassara da talifi a Zariya, ya fitar da littafinsa na wasannin Hausa shida domin 'yan makaranta. A ƙarshen waɗannan shekarun Malam Aminu Kano, yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, ya riƙa rubuta wasanni ana nunawa, daga baya ya koyar a Midil ta Bauci, sannan aka kawo shi ya shugabanci kwalejin horar da malamai ta Maru a tsohon Lardin Sakkwato. A 1949 aka buga Wasan Marafa na Alhaji Abubakar Tunau, mutumin Mafara, wasan da ke jan hankali a kan tsabta da kiwon lafiya. A shekarun 1950 aka sami Malam Inkuntum na Alhaji Dogondaji, kuma duk wanda ya taɓa tashi daga Jega ya ratsa Aliero da Tambuwal ya nufi Sakkwato ya san inda Dogon Daji yake. Ke nan biyu daga cikin wasannin farko na maƙwabtanmu ne, mutanen lardin da muke cikinsa kafin a ba mu Jihar Kebbi a 1991. Bayan su ne Shu'aibu Maƙarfi ya zo da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960, Muhammad Sada ya zo da Uwar Gulma a 1968, Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da wani wasan Shakespeare zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu a 1971, Umaru Ɗanjuma Katsina kuma ya fitar da Kulɓa Na Ɓarna a 1979. Waɗannan nake nufi idan na ce tsofaffin wasanni. Hukumomin jarrabawa sun sha zaɓen wasu daga cikinsu, kuma da yawanku da ke zaune a nan da su kuka ci jarrabawar Hausa.

Tun kafin littafi ma muna da namu. Muna da tashe a watan azumi, muna da wasan 'yar tsana na 'yan mata, a wasu sassan ƙasar Hausa ana wasan gauta da kalankuwa, inda ake kwaikwayon sarki da fadawansa. Babu yaron da ya taɓa koyon tashe daga takarda. Ƙaramin yaro yakan bi yayyensa shekara ɗaya yana riƙe musu kwano, shekara ta biyu a ba shi amshi, ta uku a ɗaura masa gemun auduga. Ku riƙe wannan a zuciya, za mu dawo kansa.

To, yaya ake koyar da waɗannan littattafai a yau? A azuzuwa da dama da na shiga, littafin ƙwaya ɗaya ne, yana hannun malami. Malami ya juya baya ya cika allo da bayani: jigon wasa kaza ne, ƙananan jigogi kaza da kaza, ga sunayen taurari, ga zubi da tsari, ga salo. Ɗalibai su kwafa, su haddace, su mayar masa ranar jarrabawa. Yaro zai gama aji shida na sakandare ya san cewa Malam Jatau ya auri Kyallu har dukiyarsa ta salwanta, amma bai taɓa jin muryar Jatau da ta Kyallu suna musayar magana ba. Yarinya za ta rubuta cewa Alhaji Ruwan Ido ya yaudari Zulai, alhali ba ta taɓa tsayawa a matsayin Zulai ta ji yadda daɗin baki ke shiga kunne ba, balle ta koyi gane shi ranar da ya zo mata a ƙofar gidansu. Wannan kamar a koya wa mutum noman albasa ne ta hanyar haddace sunayen iri, ba tare da ya taɓa taka fadama ba.

Ba na ɗora laifin a kan matasan malamanmu. Abin da aka yi musu shi suke yi. Waɗanda suka bi ta tsofaffin kwalejojin horar da malamai masu ba da takardar daraja ta biyu sun san cewa a wancan zamani sabon malami ba a sake masa aji haka nan. Hedimasta yakan duba littafin shirin darasinsa kafin ya shiga, babban malami yakan zauna a bayan aji ya saurara, sufeto kuma yakan zo ba zato. Da aka fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976, yara suka yi yawa, aka shiga neman malamai ido rufe. Daga baya aka mayar da takardar NCE mafi ƙarancin shaidar koyarwa, tsofaffin kwalejojin suka shuɗe, sannan aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, makarantu suka ƙara yawa. Duk wannan ci gaba ne, ba na musu. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato suna yaye mana matasa da suka san adabin Hausa, wasunsu ma sun fi mu sanin ra'ayoyin masana. Sai dai gwajin koyarwa na ɗan lokaci ne, da an gama kuwa sai a tura matashi wata makaranta a ƙauye inda sau da yawa shi kaɗai ne malamin Hausa. Ba shi da wanda zai kalla, ba shi da mai kallonsa.

Akwai kuma wata makarantar da ta mutu ba a yi mata ta'aziyya ba. A makarantun kwana na da, daren Asabar na wasan kwaikwayo ne, kuma a nan ne ƙaramin malami yake tsayawa kusa da babba yana ganin yadda ake raba matsayi da yadda ake gyara murya. Tun bayan abin da ya faru a Birnin Yawuri a 2021 da kuma Maga a 2025, babu shugaban makarantar da za a ga laifinsa idan ya hana taron dare. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Amma ya kamata mu san cewa wannan hanyar koyo ta toshe, kuma ba a buɗe wata a madadinta ba.

'Yan'uwa, mutanen Aliero ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan reno. Daga sassa daban-daban na ƙasar nan har da maƙwabta ake kawo masu karaya Aliero domin ɗori, kuma babu maɗorin da ya sami hannunsa ta hanyar halartar taron bita na kwana uku. Yaro yakan yi shekaru yana miƙa kara da tsumma, yana riƙe ƙafar majinyaci, yana kallon inda yatsun mahaifinsa suke dannawa. Ranar da aka fara ba shi hannu, babban yana tsaye a kansa, idan ya karkace a ce masa sassauta nan, ja can. Haka ɗan kasuwar Jega yake koyon ciniki a rumfar ubangidansa kafin a yanka masa jari. Abin da nake kira renon malami ke nan: a haɗa sabon malami da gogagge, gogaggen ya riƙa zuwa ajinsa a kai a kai, ya koyar a gabansa, ya kalle shi yana koyarwa, su zauna su tattauna, ya sake dawowa.

Wani zai ce wannan ai son tsohon zamani ne kawai irin na 'yan fansho. To, masu bincike sun auna abin. A Afirka ta Kudu, daga 2015, an yi gwaji a makarantun firamare na lardin Arewa maso Yamma, inda ake koyar da karatu da harshen Setswana. An ba rukuni biyu na malamai tsararrun darussa da littattafai iri ɗaya. Rukuni na farko aka riƙa tara su a wuri ɗaya ana yi musu bita sau biyu a shekara, rukuni na biyu kuwa aka riƙa tura musu jagora har cikin aji kusan kowane wata. Bayan shekara biyu, ci gaban da ɗaliban rukuni na biyu suka samu a karatu ya kai kimanin ninki biyu na na farko. A 2018 kuma wasu masana uku a Amurka, Matthew Kraft da David Blazar da Dylan Hogan, sun tattara sakamakon bincike 60 a kan irin wannan jagoranci, suka ga yana gyara koyarwar malami sosai, yana kuma ɗaga ƙoƙarin ɗalibai. Sun lura da wani abu da ya shafe mu kai tsaye: ƙananan shirye-shirye sun fi manya tasiri, domin idan shiri ya faɗaɗa sai a rasa isassun jagorori nagari, ziyara ta ragu, abin ya koma cika takarda.

A nan kusa da mu ma an gwada. Shirin Mu Karanta, wanda hukumar raya ƙasashe ta Amurka ta ɗauki nauyinsa a jihohin Sakkwato da Bauci bayan 2015, ya haɗa da jami'an da ke bin malaman ƙananan azuzuwa har makarantunsu suna duba yadda suke koyar da karatun Hausa. Shirin ya ƙare, hukumar da ta kawo kuɗin ma an rufe ta a 2025. Wanda ya dogara da tuwon maƙwabci, ranar da maƙwabcin bai ɗora tukunya ba sai ya kwana da yunwa.

Waɗancan duka a kan karatun 'yan firamare ne. A fagen wasan kwaikwayo kansa, misalin da ya fi kama da bukatarmu daga Ingila yake. Turawa ma sun sha fama da yaran da ke ƙin Shakespeare saboda tsohon Turancinsa da kuma yadda ake koyar da shi a zaune. A 2006 kamfanin wasan kwaikwayo na Royal Shakespeare Company ya fara ƙulla zumunci na shekara uku-uku da makarantu: a zaɓi makaranta ɗaya ta zama cibiya, ta jawo maƙwabtanta, ƙwararrun kamfanin su riƙa aiki da malaman suna nuna musu dabarun da 'yan wasa ke bi wajen gwaji, su kuma malaman cibiyar su reni na sauran makarantun. A 2008 kamfanin ya fitar da matsayarsa cewa yara su riƙa yin wasan a tsaye da bakinsu da jikinsu, su riƙa ganin ana yin sa a gabansu, kuma a fara tun suna ƙanana. Ku duba da kyau, ai tsarin tashe ne. Abin da muke da shi a ƙofar gida su sai da suka kafa shiri kafin su same shi.

Me mai reno zai nuna wa ƙaramin malami wanda ba ya cikin littafi? Abubuwa ne ƙanana, amma sai an gani ake iyawa. Ɗauki Uwar Gulma, inda zaman auren Hayatu da Halima ya lalace har magana ta kai gaban alƙali. Gogaggen malami ba zai fara da jigo ba. Zai sa a ture kujeru gefe, a zana da'ira da alli a ƙasa, ya ce nan ne zaure. Zai ba ɗalibai huɗu ko biyar matsayi su karanta fitowa ɗaya, ya tsayar da su a tsakiya ya tambayi sauran aji: wannan maganar da fushi aka faɗe ta ko da ba'a? Su yi gardama, a sake karantawa ta hanya biyu, aji ya zaɓa. Zai zaunar da mai riƙe da matsayin Hayatu a kan kujera, 'yan aji su yi masa tambayoyi ya kare kansa. Kafin a buga ƙararrawa yara sun gano jigon da kansu, kuma abin da yaro ya gano da kansa ba ya bukatar hadda. Zai kuma nuna wa ƙaramin malami yadda ake yin haka da aji mai cunkoso ba tare da ya zama kasuwa ba, da yadda ake jawo yaro mai kunya ta hanyar fara ba shi jimla ɗaya tak, da yadda ake raba littafi goma ga aji guda. Wannan na ƙarshen ma fasaha ce mai zaman kanta.

Akwai kuma maganar harshe, wadda malamin da ya taso a wani wuri ba lalle ya lura da ita ba. Mafi yawan littattafan nan da daidaitacciyar Hausa aka rubuta su, yaranmu kuwa a gida mi suke cewa a maimakon me, shina a maimakon yana, tahi a maimakon tafi. Malamin da bai goge ba yakan ɗauki wannan kuskure ne, ya yi ta gwale yaro har yaron ya daina buɗe baki. Gogagge yakan sa a yi fitowar sau biyu, sau ɗaya yadda take a rubuce, sau ɗaya da Hausar gida, sannan a kwatanta. Yaro ya fita ya san daidaitacciyar Hausa don jarrabawa, bai kuma ji kunyar harshen kakarsa ba.

Na san a cikin iyayenmu akwai masu ɗar-ɗar da kalmar wasan kwaikwayo, domin da an ambace ta abin da ke zuwa musu a rai shi ne rawa da waƙa na finafinai da abin da ake gani a wayoyin hannu. Damuwarsu tana da tushe, bai kamata a yi mata dariya ba. Amma ina roƙon duk mai wannan damuwa ya nemi Jatau Na Kyallu ko Kulɓa Na Ɓarna ya karanta. Zai tarar gargaɗi ne a kan almubazzaranci da cin amanar iyali da lalata 'ya'yan mutane, irin gargaɗin da shi kansa yake yi a zaurensa. Abin da nake magana a kai a cikin aji ake yin sa, da rana, a gaban malami. Inda makarantar 'yan mata ce, malama ce za ta rene malama, 'yan mata su riƙe dukkan matsayi kamar yadda aka saba tun da. Kasancewar dattijo ko dattijuwa a wurin ma ita ce babbar kariya daga wuce gona da iri.

Wani kuma zai ce, a zamanin da muke da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, me ya kai mu kashe kuɗi a kan wasa? Amsata ita ce injiniya ma sai ya tsaya gaban kwamiti ya kare aikinsa, likita sai ya iya yi wa majinyaci bayani. Ku da kuke zaune a Abuja da Kaduna da Legas kun sha ganin yaranmu masu takardu masu kyau suna rasa aiki a teburin ganawa saboda baki ya ƙi buɗuwa. A 2015 duk ƙasar nan ta ga abin da natsuwa da iya magana a gaban jama'a suka yi a hannun Farfesa Attahiru Jega ranar tattara sakamakon zaɓe. Irin wannan hali ba a farat ɗaya yake samuwa ba, kuma ajin wasan kwaikwayo yana cikin wurare kaɗan da ɗan talaka zai fara gwada tsayuwa a gaban mutane ba tare da tsoron faɗuwa ba.

Yanzu ga roƙona. A garuruwanmu, daga Jega da Kimba zuwa Aliero da Sabiyal, zuwa Maiyama da Mungadi da Andarai, akwai tsofaffin malaman Hausa da suka yi ritaya, maza da mata, waɗanda suka koyar da waɗannan littattafai shekara da shekaru, wasunsu ma sun hau dandamali da su. Suna zaune a ƙofar gida, kuma kowace shekara muna rasa wasu. Ina ba da shawara ƙungiya ta fara da makarantu shida kacal, biyu a kowace ƙaramar hukuma, ta nemi izinin Ma'aikatar Ilimi a Birnin Kebbi da amincewar shugabannin makarantun, ta haɗa kowane ƙaramin malami da mai reno guda wanda zai riƙa zuwa masa sau ɗaya a mako biyu har tsawon shekarar karatu. Kada mu yi kwaɗayin faɗaɗawa da wuri, kun dai ji abin da binciken ya nuna. Ɗawainiyar ba ta wuce kuɗin mota da ɗan alawus na girmamawa ga dattawan ba, sai kuma sayen littattafai na asali, aƙalla goma ga kowace makaranta. Da yawa daga cikinsu kamfanin NNPC na Zariya ne ya buga su, reshenmu na Kaduna zai iya ɗaukar nauyin nemo su.

Sharaɗi ɗaya nake so a rubuta da babban baƙi. Mai reno ba sufeto ba ne. Ba zai rubuta rahoton malami ga ma'aikata ba, ba zai gyara shi a gaban ɗalibai ba, kuma abin da suka tattauna tsakaninsu ne. Ranar da ƙaramin malami ya ji cewa ziyarar za ta shafi ƙarin girmansa, daga ranar zai fara ɓoye rauninsa, ya shirya darasin nuni na musamman don baƙo, shi ke nan an yi asarar kuɗin mota. Haka kuma ba kowane tsohon malami ne ya dace ba. Akwai wanda ya iya aji amma bai iya sauraro ba, akwai wanda da ya zauna sai labarin zamaninsu. A zaɓi masu haƙuri, ko da ba su ne suka fi suna ba, kuma a tara su su ma na kwana ɗaya ko biyu kafin a fara, su daidaita abin da za su riƙa dubawa.

Idan Allah ya kai mu taron baɗi, ina fatan a rage jawabi ɗaya daga cikin jerin jawabai, ko da nawa ne, a ba ɗaliban makarantun nan shida minti goma-goma su nuna mana fitowa ɗaya-ɗaya daga littafin da suka karanta, malamansu da masu renonsu suna zaune a gefe, mu gani da idonmu ko kuɗinmu ya yi aiki. Kafin nan, ina roƙon duk wanda ya san wani tsohon malamin Hausa ko tsohuwar malama a garinsu, musamman wanda ya koyar da shi, ya rubuta sunan da unguwar ya miƙa wa sakataren ƙungiya kafin a tashi daga wannan taro, domin kwamitin ilimi ya sami damar ziyartarsu kafin a koma zangon farko.